BABI NA HUƊU: TARKEN DAIDAITA KALMOMIN TAƁARƁAREWA A INGILISHI DA ITALIYANCI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an jero kalmomi da yankunan jimla waɗanda Ingilishi da Italiyanci suke amfani da su wajen nuna cewa al'amari ya tashi daga hali mai dama-dama ya koma hali marar kyau. A wannan babi kuwa za a yi tarken wata hanya da ta zama ruwan dare a ƙananan ƙamusoshi masu harshe biyu da kuma jerin kalmomin da ake ba ɗalibai su haddace. Hanyar ita ce a ɗauko "get worse" da "worsen" da "deteriorate" na Ingilishi a ajiye su gefe guda, a ajiye "peggiorare" na Italiyanci a ɗaya gefen, a ce duk ma'anarsu ɗaya ce. Daga nan sai a ɗora da kalmomin da suka yi kama a rubuce, irin su "aggravate" da "aggravare", su ma a ɗaura musu aure.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duk maganar taɓarɓarewa tana ɗauke da bayanai uku: wane ne ya ɓata al'amarin, yaya tsananin ɓacin yake, kuma a wane muhalli ake maganar. Ingilishi yakan ajiye yawancin waɗannan bayanai a cikin zaɓin kalma, Italiyanci kuwa yakan ajiye su a cikin nahawun da ya kewaye kalma guda. Mai fassarar da ya dogara da jerin kalmomi kaɗai yana iya ɗora laifi a kan wanda bai aikata ba, ko ya tayar da hankalin dangin majiyyaci fiye da yadda likita ya nufa. Jimlolin misali da za a kawo an tsara su ne bisa maganar yau da kullum.

4.1 Tushen Kalmomin

Harsunan biyu sun yi tarayya a abu guda, wato sauya saiwar kalma gaba ɗaya idan za a nuna fifiko a muni. A Ingilishi sifar "bad" takan koma "worse", wadda ta samo asali daga "wyrsa" ta tsohon Ingilishi. A Italiyanci sifar "cattivo" takan koma "peggiore", bayanau "male" kuma ya koma "peggio". Wannan gado ne daga Latin, inda ake da "malus" da "peior" da "pessimus", wato mummuna, da wanda ya fi shi muni, da mafi munin duka. Hausa ba ta taɓa saiwa a irin wannan wuri, aikatau take kawowa, a ce "ya fi muni" ko "ya ƙara muni".

Daga nan hanya ta rabu. Latin na baya-bayan nan ya gina aikatau "peiorare" daga "peior", shi ne Italiyanci ya gada a matsayin "peggiorare", yana amfani da shi a kasuwa da asibiti da majalisa. Ingilishi ma ya sami rabonsa daga wannan saiwa ta hanyar Faransanci, wanda ya yi tasiri a Ingila bayan mamayar Normawa ta shekarar 1066, amma abin da ya samu shi ne "impair", aikatau so-karɓau mai nufin raunana wani abu kamar ji ko gani. Ke nan ɗan'uwan "peggiorare" na jini a Ingilishi ba ya ma cikin jerin da ake daidaita shi da su.

Su kuwa ukun da suke cikin jerin, kowanne da tarihinsa. "Get worse" ginin maganar baka ne. "Worsen" tsohuwar kalma ce da ta daɗe a karin harshen karkara kafin marubuta irin su Robert Southey da Thomas De Quincey su dawo da ita cikin rubutu a farkon ƙarni na 19. "Deteriorate" kuma daga "deterior" ta Latin take, ta shigo ta hannun masu ilimin boko. Wannan bambancin tushe shi ya haifar da bambancin muhallin da za a gani a 4.4.

4.2 Abin da Ya Ɓaci da Wanda Ya Ɓata

Kuskure mafi girma da jerin kalmomi yake jawowa ya shafi ɗora alhaki. A dubi waɗannan misalai:

1. La situazione è peggiorata.
The situation got worse.
Al'amarin ya taɓarɓare.

2. Il ministro ha peggiorato la situazione.
The minister made the situation worse.
Ministan ya ƙara dagula al'amarin.

A Ingilishi bambancin a fili yake, domin aikatau biyu ne mabambanta: "get" idan abu ya ɓaci da kansa, "make" idan wani ne ya ɓata shi. A Italiyanci aikatau ɗaya ne ya yi aikin biyu. Abin da ya raba su shi ne mataimakin aikatau. Galibi ana amfani da "essere" idan aikatau ƙi-karɓau ne, kuma ƙarshensa yakan dace da jinsi da adadin aikau, shi ya sa aka sami "peggiorata" saboda "situazione" tamata ce. Ana amfani da "avere" idan so-karɓau ne.

Abin da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya shi ne halaye biyu na Italiyanci waɗanda Ingilishi ba shi da su. Na farko, ana iya barin wakilin sunan aikau ba a faɗe shi ba. Na biyu, ana iya kawo aikau bayan aikatau. Saboda haka ana iya samun waɗannan jimloli biyu:

3. È peggiorata la situazione.
Al'amarin ya taɓarɓare.

4. Ha peggiorato la situazione.
Ya dagula al'amarin, ko ta dagula al'amarin.

Jerin kalmomin ɗaya ne, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ɗan gajeren mataimaki da wasalin ƙarshe ba, amma jimla ta 3 labari ce, ta 4 kuwa zargi ce. A lokaci mai ci ma wannan 'yar alama ɓacewa take yi, domin babu mataimaki. Kanun jarida mai cewa "Peggiora la situazione" yana nufin al'amari yana taɓarɓarewa, amma a tsakiyar zance wannan jimlar tana iya nufin wani da aka ambata a baya yana dagula al'amari. Ɗalibin da ya saba da tsarin Ingilishi, inda sunan da ya biyo bayan aikatau karɓau ne, zai shiga neman mai laifi a inda babu shi.

Ana iya cewa ai "worsen" ma yana aiki ta fuska biyun. Gaskiya ne, sai dai tsarin jimlar Ingilishi ba ya barin shakka: sunan da ya gabaci aikatau shi ne aikau, kuma ba a barin gurbinsa babu kowa. Don haka ƙamus ɗin da ya rubuta "peggiorare" daidai da "worsen" ya tsaya nan, ya ɓoye wa ɗalibi ainihin wurin da zai yi tuntuɓe.

4.3 Tsakanin "Worse" da "Peggio" da "Peggiore"

A nan Italiyanci ne ya rarrabe abin da Ingilishi ya haɗe. Kalmar "worse" tana aiki a matsayin sifa da bayanau duka, shi ya sa jimlar "He is worse" take iya nufin jikinsa ya ƙara tsanani, ko kuma halinsa ya fi na wani muni. Italiyanci ya ware kowace ma'ana da gininta:

5. Sta peggio.
Jikinsa ya ƙara tsanani.

6. È peggiore del fratello.
Ya fi ɗan'uwansa mugun hali.

A jimla ta 5 an haɗa aikatau "stare", mai nuna halin da mutum yake ciki, da bayanau "peggio". A ta 6 an haɗa "essere" da sifar "peggiore". Ko da yake a maganar baka ana jin "peggio" a gurbin sifa, ba a amfani da "è peggiore" wajen ba da labarin jikin majiyyaci. Wanda ya yi haka ya zagi marar lafiya ne a lokacin da ya zo gaishe shi.

A ɗaya ɓangaren, Ingilishi ya ware "worse" daga "worst" da ƙwayar sauti, Italiyanci kuwa da madubin suna yake rabawa: "peggiore" shi ne wanda ya fi wani muni, "il peggiore" shi ne mafi munin duka. Haka "il peggio" suna ne mai nufin mafi munin abin da zai faru, kamar a "il peggio è passato", wato an wuce wurin da ya fi tsanani.

Har ila yau, hanyar nuna ci gaban ɓaci ta bambanta. Ingilishi yakan maimaita kalma, a ce "worse and worse". Italiyanci yakan kawo "sempre", mai nufin kullum, a ce "sempre peggio", ko ya haɗa aikatau "andare", wato tafiya, da siga mai nuna ci gaban aiki, a ce "va peggiorando". Wannan gini na ƙarshe yana nuna ɓaci ne mai zuwa sannu a hankali, kusa da abin da Bahaushe yake nufi da "abin sai daɗa gaba yake yi".

4.4 Muhallin Magana da Matakan Tsanani

Kalmomin Ingilishi ukun nan ba sa zama a wuri ɗaya. Uwa takan ce tarin ɗanta "is getting worse". Ɗan jarida yakan rubuta cewa dangantakar ƙasashe biyu "has worsened". Likita yakan rubuta a takardar asibiti cewa yanayin majiyyaci "has deteriorated". Idan aka mayar da ukun zuwa "peggiorare" ma'ana ba ta ɓata ba, amma an rasa sanin bakin da ya yi maganar. Idan kuma daga Italiyanci aka taso, dole mai fassara ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun, zaɓin da jerin kalmomi bai koya masa ba. Ita kuma "deteriorarsi" ta Italiyanci an fi jin ta a kan kayan abinci da gine-gine da dangantaka, ba kasafai ake faɗin ta a kan majiyyacin kansa ba.

Abin da Italiyanci ya fi kula da shi shi ne matakan tsanani, kuma a nan ne kalmomi masu kama da juna suke yaudara. Mataki na farko shi ne "peggiorare". Na biyu shi ne "aggravarsi", daga "gravis" ta Latin mai nufin nauyi, wanda yake ɗauke da wakilin suna mai komawa kan aikau:

7. Le condizioni del paziente si sono aggravate.
The patient's condition has deteriorated.
Jikin majiyyacin ya yi tsanani.

Ba a iya sa "aggravate" a nan, domin a Ingilishi so-karɓau ne, sai an faɗi abin da ya tsananta ciwon. Bugu da ƙari, tun ƙarni na 17 yake da ma'ana ta biyu a bakin jama'a, wato ɓata wa mutum rai, ma'anar da "aggravare" ba shi da ita. Haka nan sifar "grave" a Italiyanci ita ce kalmar yau da kullum ta ciwo mai tsanani, daidai da "serious", alhali a Ingilishi idan aka ce yanayin majiyyaci "grave" ne, an kusa fid da rai. Tafintan da ya bar kalmar yadda take ya ƙara wa maganar likita nauyin da ba ta da shi.

Mataki na uku shi ne "precipitare", daga "praeceps" ta Latin, wato faɗowa da ka. Da shi ake cewa jirgin sama ya faɗo, da shi kuma ake cewa al'amari ya rincaɓe farat ɗaya. Rikicin bashin Italiya na shekarar 2011 ya isa misalin matakan uku. Tun daga watan Yuli tazarar da ke tsakanin kuɗin ruwan bashin gwamnatin Italiya na shekara 10 da na Jamus take ta hauhawa. Mai ba da labari zai ce al'amarin "andava peggiorando". Da kaka ta shigo zai ce "si è aggravata". Ranar 9 ga Nuwamba tazarar ta haura maki 500, kuɗin ruwan ya wuce kashi 7 cikin 100. A nan ne zai ce "è precipitata". Ranar 12 ga wata Silvio Berlusconi ya sauka daga shugabancin gwamnati, ranar 16 Mario Monti ya karɓa. Idan aka fassara matakin ƙarshe da "the situation precipitated", Bature zai tsaya yana jiran ƙarashen jimla, domin a wurinsa "precipitate" yana nufin haddasa wani abu cikin gaggawa. Zai iya cewa rikicin "precipitated the resignation", wato ya haddasa murabus, jimlar da Italiyanci zai fi gina ta da "provocare".

Akwai kuma gurbin da Italiyanci ya cike da aro. Ingilishi yana da aikatau "escalate" na rikicin da yake hawa mataki-mataki. Italiyanci ya ari sunan "escalation" a shekarun 1960, zamanin yaƙin Biyetnam, amma wajen aikatau ya fi komawa ga nasa na gida, irin su "inasprirsi", wato ƙara ɗaci da zafi, da "degenerare", kamar zanga-zangar da ta rikiɗe ta koma faɗa.

4.5 Adon Magana da Karin Magana

Harsunan biyu suna siffanta taɓarɓarewa da yin ƙasa, amma hoton bai zama ɗaya ba. Idan Bature ya ce kamfani "is going downhill", wato yana gangarawa, yana nufin ya kama hanyar durƙushewa. A Italiyanci kuwa idan aka ce hanya "è in discesa", wato gangara ce, ana nufin wahala ta ƙare, sauran aiki mai sauƙi ne. "In salita", wato hawa, shi ne wahala. Don a nuna lalacewa sai a ce "andare a rotoli", wato tafiya ana mirginawa, ko "andare a picco", wato nutsewa kamar jirgin ruwa, ko "essere su una brutta china", wato kasancewa a kan mummunar gangara. Fassarar kalma da kalma a nan juya ma'ana take yi gaba ɗaya.

Haka abin yake ga "go south" na Ingilishin Amurka, wanda yake nufin abu ya lalace. "Andare a sud" tafiya kudu kawai yake nufi. Wanda ya nace sai ya ba shi ma'anar lalacewa a Italiya ya sosa wurin da yake ciwo, domin tun haɗewar ƙasar a shekarar 1861 ake muhawara a kan koma-bayan kudancinta idan aka kwatanta da arewa. Inda Ingilishi yake cewa "take a turn for the worse", da hoton juyawa a kan hanya, Italiyanci cewa yake "prendere una brutta piega", da hoton tufar da ta yi mummunan ninki. Inda Ingilishi yake tura abu wurin karnuka da "go to the dogs", Italiyanci yana tura shi ga mummunar sa'a da "andare in malora".

A karin magana ma akwai wurin lura. "Out of the frying pan into the fire" da "dalla padella nella brace" sun fito daga tushe guda. A shekarun 1490 Laurentius Abstemius, wani marubuci ɗan Italiya, ya rubuta tatsuniya da Latin a kan kifayen da suka yi tsalle daga kasko suka faɗa garwashi, kuma Thomas More ya yi amfani da maganar a Ingilishi a shekarar 1532. Duk da haka Italiyanci ya riƙe garwashi, Ingilishi ya ɗauki wuta. Ma'anar ita ce ta gudun gara a faɗa wa zago. "Peggio la toppa del buco", wato facin ya fi hujin muni, tana magana ne a kan gyaran da ya ƙara ɓarna, kamar neman gira a rasa ido. Ingilishi a nan hoton magani da cuta ya ɗauka da "the cure is worse than the disease".

Akwai kuma wadda ba ta da takwara a Ingilishi, wato "si stava meglio quando si stava peggio", ma'ana an fi jin daɗi a lokacin da ake shan wahala. Ta yi kusa da "gara jiya da yau", sai dai ta ƙara da amincewa cewa jiyan ma ba ta da kyau. Ana faɗin ta cikin ba'a idan sabon zamani ya gaza cika alkawarin da ya zo da shi. Armashinta yana cikin karon "meglio" da "peggio" a ƙarshen sassan biyu, abin da fassara ba ta iya ɗaukowa sai da dogon bayani.

4.6 Inda Daidaitawar Ta Yi Daidai

Adalci ne a faɗi cewa hanyar da ake tarke ba ta rasa madafa ba. "Peggiorare" kalma ce mai faɗi, kuma ɗalibin da ya sa ta a gurbin "get worse" zai yi daidai a mafi yawan jimlolin da suka shafi yanayin sama da lafiya da farashi. "Di male in peggio" da "from bad to worse" sun dace a gini da ma'ana da muhalli. Mai koyo a matakin farko kuma yana bukatar abin da zai riƙe kafin a shiga da shi cikin rassa. Aibin yana zuwa ne idan aka bar shi a nan, ya ɗauka cewa alamar daidai da ke tsakanin kalmomin biyu tana aiki ta kowace fuska kuma a kowace jimla.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Ya kamata kowace shigarwa ta "peggiorare" ta zo da jimla biyu, ɗaya da "essere" ɗaya da "avere". Ya kamata a jera "peggiorare" da "aggravarsi" da "precipitare" a matsayin matakai, a kuma jera kalmomin Ingilishi ukun bisa muhallinsu. Kalmomi masu kama a rubuce kuwa a sa musu gargaɗi a gefe.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an yi tarken daidaita kalmomin taɓarɓarewa na Ingilishi da Italiyanci kalma da kalma. An ga cewa Ingilishi yana raba abin da ya ɓaci da wanda ya ɓata shi ta hanyar "get" da "make", Italiyanci kuwa ta hanyar mataimakin aikatau da dacewar jinsi. An ga cewa Ingilishi ya jera kalmominsa bisa muhallin magana, Italiyanci ya jera nasa bisa tsanani. An kuma ga cewa "aggravare" da "precipitare" da "grave" da hoton gangara suna kai mai fassara inda bai nufa ba. Saboda haka, kafin a fassara kowace jimla mai nuna taɓarɓarewa, wajibi ne a fara tantance ko akwai wanda ake zargi, da matakin da ɓacin ya kai, da kuma mai maganar. Babi na gaba zai duba kishiyar wannan ma'ana, wato yadda harsunan biyu suke bayyana gyaruwar al'amari da "get better" da "improve" da "migliorare".